Kyawawan matan Edo a kan allon katako: wa ya zana, wa ya sassaƙa, wa aka tallata?

Wajejen shekarar 1793 aka fitar da wani hoto a birnin Edo, wanda yau ake kira Tokyo, ɗauke da 'yan mata uku, ɗaya a sama, biyu a ƙasa. Kitagawa Utamaro ne ya zana shi. Wanda bai saba da irin waɗannan hotuna ba zai iya rantsuwa mace ɗaya aka zana sau uku: doguwar fuska, ido ɗan tsaga, hanci layi guda, ƙaramin baki ja, ga gashi baƙi ƙirin an tayar da shi ya buɗe ta gefe biyu. Amma mutanen Edo sun san su ɗaya bayan ɗaya. Ta sama ita ce Tomimoto Toyohina, mawaƙiya a Yoshiwara, unguwar karuwai ta birnin. Ta dama Naniwaya Okita, mai kai wa baƙi shayi a wani shago kusa da babban wurin bauta na Asakusa. Ta hagu kuma Takashima Ohisa, 'yar wani mai shagon gasasshen biskit na shinkafa a Ryogoku. Abin da ya fi bambanta su shi ne tambarin gida da ke jikin rigar kowacce ko a maficinta. Sai wanda ya ƙura ido sosai zai ga ɗan bambancin lanƙwasar hanci da tsagar ido.

Irin waɗannan hotuna Japanawa suna kiran su bijin-ga, wato hotunan kyawawan mata, kuma babban reshe ne na zanen ukiyo-e, wato hotunan rayuwar birni da galibi ake bugawa da allon katako, da ya yi tashe daga ƙarshen ƙarni na 17 zuwa ƙarshen na 19. Yau ana rataye su a gidajen adana kayan tarihi ana yi musu kallon tsantsar fasaha. Fasahar tana nan, ba mai musu. Sai dai a ganina wanda bai fara da sanin cewa haja ce ta kasuwa ba, kuma sau da yawa talla ce, ba zai gane dalilin da fuskokin suka yi kama da juna ba, balle ya lura da abin da aka ƙi zanawa.

A 1603 Tokugawa Ieyasu ya zama shogun, wato shugaban mulkin soja, ya kafa gwamnatinsa a Edo, sarki kuwa yana can Kyoto da sarauta ba iko. Daga 1635 aka wajabta wa manyan hakiman larduna su riƙa shekara guda a Edo, shekara guda a gida, kuma kowa yana zuwa da ɗaruruwa ko dubban mayaƙa da barori. Wannan ya cika birnin da maza waɗanda suka baro iyali a nesa. A ƙarni na 18 jama'ar Edo sun kai kusan miliyan ɗaya. A tsarin gwamnati, mayaƙan samurai ne a sama, sai manoma, sai masu sana'ar hannu, 'yan kasuwa a can ƙasa. Amma kuɗi a hannun na ƙasan yake. Ba su da hanyar shiga mulki, an kuma kafa musu dokoki kan irin tufafin da za su sa da girman gidan da za su gina. Sai dukiyar ta malala zuwa gidajen wasan kabuki, littattafan ban dariya, da Yoshiwara, unguwar karuwai da gwamnati ta ba wa lasisi a 1617, aka mayar da ita bayan gari kusa da Asakusa a 1657, shekarar da gobara ta cinye yawancin birnin. Waɗannan mutane su ne masu sayen hotunan. Baƙon da zai koma lardi ma yakan sayi 'yan ƙwarori ya naɗe ya kai tsaraba, don ba nauyi ba tsada: kuɗin takarda ɗaya bai wuce na kwanon taliyar soba ɗaya zuwa biyu ba. Kusan matsayin da kalandar 'yan fim take da shi a kasuwanninmu ke nan, a saya a manna a bango, in ta tsufa a sauya wata.

Sunan mai zane ne ya shahara, amma hoto ɗaya aikin mutum huɗu ne, kuma mai zanen ba shi ne uban tafiya ba. Mai shagon ɗab'i ne ke yanke shawarar abin da kasuwa take so, shi ke zuba jari, shi ke ɗaukar mai zane, kuma allunan nasa ne. Mai zane yana kawo zanen layi kawai da baƙar tawada a kan siririyar takarda. Sai masassaƙi ya manna ta kife a kan allon itacen ceri na dutse, itace mai tauri da santsi, ya murje bayan takardar da ɗan yatsa har layukan su bayyana, sannan ya bi su da wuƙa yana cire duk abin da ba layi ba. A nan zanen asali yake mutuwa, wuƙa ta cinye shi. Shi ya sa in an ce wannan hoton Utamaro ne na asali, ana nufin bugun zamaninsa, ba takardar da hannunsa ya taɓa ba.

Daga wannan allo na farko ake buga wasu kwafe, mai zane ya nuna a kan kowanne inda wani launi zai hau, sai a sassaƙa wa kowane launi nasa allon. Hoto mai kyau yakan ci allo goma ko fiye, ana amfani da gaba da baya saboda tsadar itacen. A shagon sassaƙa ma akwai manya da yara. Yara su yi riga da bango, babban gwani shi kaɗai ke taɓa fuska da gashi. Duba goshin kowace mace a hotunan Utamaro, inda gashi ya fara: sili-sili ne, kowanne da kauri a tushe yana sirancewa, wasu wuraren har sili uku a cikin milimita ɗaya. Mai zane ba ya zana wannan dalla-dalla, alama kawai yake yi. Masassaƙin ne ke fitar da shi daga kansa, kuma abin da ya bari a tsaye shi ne gashin, ba abin da ya yanke ba. Wuƙa ta kuskure sau ɗaya, sai an huda allon an cusa sabon guntun itace.

Mai bugu kuma ba shi da inji. Yana zaune a ƙasa, allo a gabansa, ya ɗiga launi da aka dama da ruwa, ya ƙara ɗan kullun shinkafa, ya baje da burushin gashin doki, ya ɗora takarda mai ɗan laima, ya murza bayanta da wani faifai mai suna baren, wanda aka yi da murɗaɗɗiyar igiya aka lulluɓe da ɓawon gora. Takardar ta ɓawon bishiyar kozo ce, mai dogayen zare, shi ya sa take jure murza sau goma ko ashirin ba ta yage ba, launin kuma ya shige cikinta maimakon ya zauna a sama. Abin da ke hana launuka hawa kan juna wasu 'yan tsaga biyu ne da ake sassaƙawa a gefen kowane allo, ɗaya a kusurwa ɗaya a miƙe, sunansu kento. A nan ake tokare takardar kowane zagaye. Akan buga kusan takarda 200 a zubi ɗaya, launi bayan launi. In sun ƙare a kasuwa a sake, har allon ya cinye, silin gashin ya fara kauri.

Akwai dabarun da hoton waya ba ya nunawa. Ana murza takarda a kan allon da ba a sa wa launi ba, sai zanen saƙa ya fito a farar riga, yatsa ya ji shi kafin ido ya gani. Ana shafe bangon hoton da garin wani dutse mai ƙyalli, fuskar ta fito kamar tana cikin madubi. Fatar macen kuwa galibi ba launi ba ne, farin takardar ne kawai aka bari. A wasu hotunan Utamaro har layin gefen fuska ya cire, ya bar rawayan bango ya nuna inda kumatu ya tsaya. Duk wannan hannun masassaƙi da mai bugu ne, amma a ƙarni na 18 da wuya ka ga sunansu a takardar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Launukan da muke gani yau ma ba su ne na ranar farko ba. Jan daga furen beni yake, shuɗin kuma yawanci daga wani fure mai suna tsuyukusa wanda haske da laima suke kashewa da wuri, shi ya sa rigunan da aka buga shunayya yanzu suka koma ruwan ƙasa. Wasu 'yan'uwa biyu Amurkawa, William da John Spaulding, da suka ba gidan adana kayan fasaha na Boston hotuna kusan 6,000 a 1921, sharaɗinsu shi ne kada a taɓa rataye su a baje koli. Har yau ba a rataye su, kuma a cikinsu ake ganin kusan ainihin launin.

Tun farko ba haka abin yake da launi ba. Zamanin Hishikawa Moronobu, wanda ya rasu a 1694, baƙi da fari ake bugawa, mai so a shafa masa launi da hannu. A shekarun 1740 aka fara buga launi biyu ko uku. Cikakken launi ya zo a 1765, lokacin da wasu masu hannu da shuni suka shiga gasar musayar kalanda mai hoto, suka ɗauki Suzuki Harunobu, suka ce a yi ko nawa ne. Da masu ɗab'i suka ga abin ya yiwu, sai suka mayar da shi kasuwa. Matan Harunobu 'yan mitsi-mitsi ne, siraran hannu, namiji da mace ma da ƙyar ake bambancewa. Shi ya fara ɗaukaka 'yar talaka mai suna: Osen, mai shayi a bakin wurin bautar Kasamori, wadda hotunanta suka sa mutane tururuwa zuwa shagon. A shekarun 1780 Torii Kiyonaga ya miƙar da matan suka zama dogaye masu tsayayyen jiki, yana jera su suna yawo a bakin kogin Sumida a kan takarda biyu ko uku da ake haɗawa. Kowane zamani da fuskarsa guda, duk macen da aka zana sai ta shiga cikinta. Abin da ake sayarwa ke nan: yayi.

Tunda fuska ba ta faɗin komai, ido sai ya koma kan sutura, kuma a nan mutumin Edo yake karanta labari. Riga mai dogon hannu har gwiwa ta budurwa ce. Haƙora da aka rina baƙi alamar aure ce, gira da aka aske kuma alamar ta haihu. Ɗaurin gashi ma na budurwa daban na matar aure daban. Ɗamarar obi in an ƙulla ta a gaba, ga tsinkayen kai na ƙoƙon kunkuru birjik, ga ƙafa ba safa ko da dusar ƙanƙara na zuba, ga 'yan yara mata biyu masu kaya iri ɗaya a gefenta, to babbar karuwar Yoshiwara ce. Sau da yawa ma an rubuta sunanta da sunan gidan da take a saman hoton. Jerin hotunan da Isoda Koryusai ya fara a wajejen 1776, wanda ya haura guda ɗari, haka yake daga farko har ƙarshe: wance ta gidan wane cikin sabon ɗinkin sabuwar shekara. Namiji ya ga wadda zai nema ko ya yi mafarkinta, mace ta ga zanen da za ta kai wa maɗinki. A ƙarni na 19 talla ta fito fili. A hotunan Keisai Eisen da Utagawa Kunisada za ka ga ƙunshin wata hoda mai suna Bien Senjoko an ajiye a gefen madubi, sunan a rubuce ɓaro-ɓaro.

Mutumin da ya fi kowa gane wannan kasuwa shi ne Tsutaya Juzaburo. An haife shi a Yoshiwara a 1750, ya fara da ɗan shagon littattafai a bakin ƙofar unguwar, yana sayar da littafin jagora da ke jera gidaje da sunayen mata da darajarsu, ana sabunta shi sau biyu a shekara. A 1783 ya koma Nihonbashi, tsakiyar manyan masu ɗab'i. Shi ya ɗauko Utamaro. A farkon shekarun 1790 suka fito da abin da kafin nan an fi yi wa 'yan wasan kabuki, wato a matso da mace kusa, daga ƙirji zuwa sama, a cire ɗaki da lambu da kogi. Da aka rasa abin kallo sai ita, dole ɗan abu kaɗan ya yi magana: karkatar wuya, yatsun da suka riƙe wasiƙa, silin gashi da ya sauko a ƙeya, leɓe da ya ɗan buɗe. A nan nake ganin Utamaro ya wuce sa'o'insa. Bai fasa fuskar yayi ba, amma ya sa ta gajiya, kishi, tunanin wani. Ya kuma zana matan da ba na ado ba: masu ɗinki, masu kiwon tsutsar siliki, masu nutso a teku, uwa tana shayarwa.

Gwamnati ba ta zuba ido ba. Daga 1787 Matsudaira Sadanobu, babban mashawarcin shogun, ya ƙaddamar da gyaran tarbiyya da tsimi, kuma daga wajejen 1790 kowane hoto sai ya samu hatimin tacewa kafin a sassaƙa shi. A 1791 aka ƙwace rabin dukiyar Tsutaya saboda wasu littattafan barkwanci kan Yoshiwara, marubucinsu Santo Kyoden kuma aka sa masa ankwa kwana 50. A 1793 aka hana rubuta sunan duk macen da ba karuwa mai lasisi ba. A lura da wannan: tallar karuwa halal ce a idon hukuma, abin da ya dame ta shi ne 'yar mai shayi ta yi suna. Utamaro sai ya koma rubuta sunan da kacici-kacici. A kusurwar hoton Naniwaya Okita ya zana damin ganye biyu, kibiya, teku da gonar shinkafa, waɗanda in an furta sunayensu da Japananci a jere sai su ba da sunanta. A 1796 aka hana wannan ma. A 1800 aka hana hoton babbar fuska. Abin da ya kayar da Utamaro a ƙarshe siyasa ce: a 1804 ya zana Toyotomi Hideyoshi, shugaban da gidan Tokugawa suka gaje mulkinsa suka kuma shafe zuriyarsa, yana cikin shagali, da sunansa a rubuce. Aka kama Utamaro, aka sa masa ankwa kwana 50. Ya rasu a 1806. A 1842 an sake wani zagayen, aka hana hotunan karuwai da geisha (mata masu nishaɗantar da baƙi da waƙa da rawa) da 'yan wasa gaba ɗaya, aka ƙayyade yawan launi, aka ce kada kuɗin takarda ya wuce mon 16, wato ƙwandalar tagulla 16. Masu zane suka koma zana mata nagari na tarihi, da fuskar da aka saba da kwalliyar da aka saba, har dokar ta yi sanyi.

Akwai abin da babu dokar da ta hana amma ba a zana shi ba, domin ba mai saye. Yawancin matan Yoshiwara 'ya'yan talakawa ne da iyaye suka miƙa wa dillali a kan kuɗi, wasu tun suna shekara bakwai ko takwas. A takarda kwangilar aiki ce ta shekara goma, ana fara lissafi daga ranar da yarinya ta fara karɓar baƙi, ta ƙare tana wajen shekara 27. Waɗannan rigunan siliki da tsinkayen kai da muke sha'awa a hoto, da kayan yaran da ke binta, a kanta ake rubuta kuɗinsu, bashi kan bashi. Unguwar tana kewaye da gwalalo, ƙofar shiga guda ce, da masu gadin da aikinsu hana mace fita. Tunjere da tarin fuka sun kashe da yawa kafin wa'adi ya cika. Waɗanda ba su da mai karɓar gawa akan kai su wurin bautar Jokanji a Minowa, wanda mutane suka laƙaba wa suna wurin jefarwa, inda aka binne dubbai. Jerin da Utamaro ya yi na sa'o'i goma sha biyu na yini a Yoshiwara ya nuna mace tana tashi cikin dare da barci a idonta, ya nuna ta tana miƙa wa baƙo rigarsa da asuba. Iyakar inda ya je ke nan. Wadda ta fi kusantar gaskiyar wurin, a nawa ganin, ita ce Katsushika Oi, 'yar shahararren mai zane Hokusai, a wani zanen hannu da ta yi na dare a Yoshiwara. Matan suna zaune a bayan tagar sanduna cikin hasken fitila, maza a waje cikin duhu suna leƙe, kuma sandunan da inuwa sun tare fuskokin kusan dukkansu. Wannan ba a sassaƙa shi don kasuwa ba.

Da Japan ta buɗe ƙofa a shekarun 1850, hotunan suka kwarara Turai a daidai lokacin da kyamara da injin ɗab'i suke kashe sana'ar a gida. Mai zane Van Gogh ya kwafi hoton wata karuwa da Eisen ya zana a 1887 daga bangon wata mujallar Paris. Mai zane Mary Cassatt ta ga babban baje kolin hotunan Japan na 1890 a Paris ta koma ta yi nata hotuna goma masu launi na mata suna wanka da rufe wasiƙa. A 1891 marubuci Edmond de Goncourt ya fitar da littafi sukutum kan Utamaro. A Japan kuma mai ɗab'i Watanabe Shozaburo ya farfaɗo da tsarin mutum huɗun daga 1915, inda Hashiguchi Goyo da Ito Shinsui suka zana mata daga kallon mace ta gaske a zaune a gabansu, da jiki mai nauyi da ƙashi, yawancin masu sayen kuma Amurkawa. Takardar da aka sayar kuɗin kwanon taliya, ɗaya daga cikin na Utamaro ta haura Yuro 700,000 a gwanjon Paris a 2016.

Yoshiwara kanta ta daɗe bayan hotunanta. A 1872 gwamnatin sarki Meiji, wadda ta maye gurbin mulkin shogun, ta fitar da dokar 'yanta karuwai ta soke bashinsu, amma da yawa ba su da inda za su, gidajen suka sauya suna zuwa masu ba da hayar ɗaki suka ci gaba. Sai a 1958 aka rufe unguwar a hukumance, bayan dokar hana karuwanci ta 1956. A 2024 gidan adana kayan fasaha na Jami'ar Fasaha ta Tokyo ya shirya babban baje koli kan Yoshiwara, ya tallata shi da launin hoda mai ƙyalli da kalaman da suka nuna unguwar a matsayin cibiyar ado da yayi. Tun kafin a buɗe Japanawa suka yi ca a intanet cewa an shafe matan da aka sayar. Masu shiryawa suka fitar da sanarwa, suka gyara kalaman tallar, kuma da aka buɗe a watan Maris an kafa bayani a mashiga cewa tsarin Yoshiwara tauye haƙƙin ɗan Adam ne da ba za a yarda da shi ba.